Mun Kwance Mari, Ina Maganin?

Na so a ce yau mun ci gaba da batun kuɗin makarantar jami'o'i da muka faro, to amma wani ɗaurin aure ya kai ni gida Daura a ƙarshen makon jiya, na kuma dawo da wata magana da ta hana ni sakat. Ku yi mini afuwa, batun makaranta ya ɗan jira mu.

Bayan an shafa fatiha an watse, na wuce gaida yayata. A zaure na tarar da ɗanta na uku, wanda zan sakaya sunansa, yana zaune yana gyaran wayar salula, ya murmure, fuskarsa fes. Shekara huɗu da suka wuce, wannan yaron ne muka je muka ɗauko daga wani ƙauye da tabon mari a idon sawunsa biyu. Da muka gama gaisawa a cikin gida, sai Yaya ta buɗe adakarta ta ɗauko wani ƙullin magani ta miƙo mini, ta ce, "Malam, dubi abin mamaki. Wannan ƙwayar da likita ya rubuta masa, ita ce fa tsofaffin abokansa ke biyo shi har gida suna roƙon ya sam musu. A hannunsa magani, a hannunsu masifa." Na juya takardar na karanta sunan. Exol ce.

Maganar Yaya ta tsaya mini a rai, domin ta taɓo abin da harshenmu ya riga ya nuna. Kalma ɗaya Bahaushe yake da ita, ƙwaya. Idan ma'aikaciyar jinya ta ce ka sha ƙwaya biyu da safe, kulawa ce. Idan maƙwabci ya ce ɗan wane yana shan ƙwaya, to an gama da gidan wane, har 'yan matan gidan sai abin ya shafe su ranar da aka zo binciken aure. Abin da ya raba ma'anonin biyu shi ne hannun da ya bayar, da adadin da aka sha, da kuma ko akwai mai bibiya. A ƙasar Daura, kamar sauran Arewa, mun wayi gari ƙwayar da ke gusar da hankalin yaro tana nan a kowane lungu, wadda za ta dawo da shi hayyacinsa kuwa sai an yi tafiya, an bi layi, an ci bashi, sannan idan an samo ta sai a riƙa jin tsoronta. Wannan al'amari na baibai shi nake so mu duba a yau.

Mu ɗan waiwaya. A ƙarshen watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, da yawansu ɗaure da sarƙa. Kafin a cika mako uku, a tsakiyar Oktoba, labarin ya iso ƙofar gidanmu: rundunar 'yan sandan Jihar Katsina ta sanar da kuɓutar da mutum 67 daga wani gidan mari a cikin garin Daura. Da yake shugaban ƙasa na lokacin, marigayi Muhammadu Buhari, ɗan garin ne, sai kafofin labaran duniya suka yi ta yayata hotunan. Aka rufe gidaje, aka yi kame, aka yi Allah wadai. Duk wannan ya dace, domin babu addini ko al'adar da ta halatta a ɗaure ɗan Adam kamar dabba, a bar shi da yunwa da duka da sunan gyaran hali.

Sai dai akwai tambayar da hayaniyar ta danne. Wa ya kai su can? Mafi yawansu ba sato su aka yi ba. Iyayensu ne suka kai su da ƙafarsu, suka kuma riƙa biyan kuɗin ciyarwa. Uwar da ta sayar da akuyarta ta biya a sa wa ɗanta mari ba muguwa ba ce. Yaron ne ya kwashe tukwanenta ya sayar, ya ɗaga wa ubansa hannu, ko kuwa ya kwana yana gardama da wanda babu mai ganinsa, ta duba gabas da yamma ba ta ga ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba sai wannan. Mutanen garin Kusugu ba sa bukatar dogon bayani a kan rijiya: idan ka rufe wadda ruwanta ya gurɓace ba ka haƙa wata ba, masu ƙishirwa za su koma su buɗe ta da dare. Shi ya sa ɗan yayata ya sha mari shekara biyu bayan samamen da aka ce ya kawo ƙarshen mari.

Girman ƙishirwar kuwa an auna shi. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a watan Janairu na 2019, ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye a cikin shekarar da ta gabaci binciken. Daga ciki, miliyan 10.6 wiwi suka sha, miliyan 4.6 sun sha magungunan kashe zafin ciwo irin su tiramadol ba da izinin likita ba, miliyan 2.4 kuma ruwan maganin tari. A shiyyarmu ta Arewa maso Yamma an ƙiyasta mutum miliyan 3. Ɗaya cikin kowane huɗu mace ce, ɗaya cikin kowane biyar kuma abin ya riga ya zama masa ciwon da ke bukatar jinya. A lura da wannan: bayan wiwi, manyan abubuwan da ke cin matasanmu magungunan asibiti ne da suka ɓace hanya.

Gwamnati ta yi nata yunƙurin. Kwana ɗaya bayan BBC ta fitar da rahotonta na bincike a kan kodin a ƙarshen Afrilun 2018, aka haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Tiramadol ɗin da hukumar NAFDAC ta amince da shi mai nauyin miligiram 50 ne da 100, amma wanda hukumar NDLEA ke kamawa da katan-katan mai 225 ne, wanda ba don majinyaci aka yi shi ba tun asali. Masarauta irin tamu da ke bakin iyaka, mai babbar kasuwa kamar ta Mai'adua da hanyar Kongolam da ta miƙe zuwa Damagaram, ba ta rabuwa da shige da ficen kaya, nagari da na banza. Kame yana da amfani, amma kame bai taɓa warkar da wanda abin ya riga ya kama ba.

Bari in koma kan yaronmu, domin a labarinsa na fahimci inda gizo ke saƙar. Ya fara shan tiramadol ne yana aikin lodi a kasuwa, wai don kada ya gaji. Daga ɗaya ya koma uku, ya haɗa da wiwi, har wata rana ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya, wanda sanannen aikin tiramadol ne idan ya yi yawa a jiki. Bayan wasu watanni ya daina barci, ya ce ana kiran sunansa ta cikin bango, ya ƙi cin abincin uwarsa wai an zuba masa guba. Aka kai shi wani asibiti, aka yi masa allura, aka ba shi ƙwayoyi, aka ce a dawo bayan mako biyu. A kwana na uku wuyansa ya murɗe gefe guda, idanunsa suka kafe sama, harshensa ya zazzago. Gida ya rikice da salati. Wata dattijuwa ta ce ai ga shi nan, mutanen ɓoye ba sa son maganin asibiti, sun nuna fushinsu. Aka zubar da ƙwayoyin a masai. Cikin wata guda ciwon ya dawo fiye da da, daga nan sai gidan mari, wata takwas.

Sai da muka ɗauko shi muka kai shi wurin wani likitan ƙwaƙwalwa mai haƙuri sannan muka san abin da ya faru. Murɗewar wuyan nan illa ce sananniya ta maganin haloferidol da danginsa, ta fi kama samari a kwanakin farko, kuma allura ɗaya ko ƙwayar Exol kan sake ta cikin ɗan lokaci. Da an yi wa Yaya bayani na minti biyu a ranar farko, an ce mata idan kin ga kaza kada ki firgita, ki dawo da shi, da yaron bai san nauyin mari ba. Wata takwas na rayuwarsa da tabo biyu a ƙafa, su ne kuɗin bayanin da ba a yi ba.

Dakta ɗin da ke gaban sunana na alli ne da allo, ba na allura ba, saboda haka kada wani ya ɗauki wannan rubutu a matsayin takardar sayen magani. Amma ina ganin wajibi ne duk mai ilimi ya san waɗannan magunguna a dunƙule, domin mu ne ake kira idan abu ya faru a dangi.

Rukuni na farko su ne masu kwantar da ruɗewar hankali, wato jin muryoyi, da ganin abin da babu, da zargi marar tushe. Kakansu shi ne wanda aka fi sani da sunan Largactil, wanda likitoci biyu, Jean Delay da Pierre Deniker, suka gwada a wani asibitin birnin Faris na Faransa a 1952. Kafin shi, asibitocin mahaukata na Turai ma ɗauri da kulle suka sani, kuma zuwansa na daga cikin dalilan da suka sa aka fara sallamar dubban mutane zuwa gidajensu. Haloferidol ya biyo baya a 1958 daga ƙasar Beljiyam. Daga baya aka samu sababbi irin su risferidon da olanzafin, waɗanda ba su cika sandarar da jiki ba, sai dai suna iya kawo ƙiba da hawan sukari. Aikinsu duka rage ƙarfin wani sinadari ne mai isar da saƙo a ƙwaƙwalwa, wanda ake kira dofamin. Suna danne ciwo ne kamar yadda maganin hawan jini ke yi, shi ya sa mafi yawan waɗanda suka daina sha da zarar sun ji sauƙi ciwon ke dawo musu. Ga wanda shan ƙwaya kullum ke yi wa wuya, akwai allura irin Modecate da ake yi sau ɗaya a mako biyu zuwa huɗu. Ita yaronmu yake karɓa.

A nan Exol ta shigo. Ita ba ta maganin taɓin hankali. Aikinta sassauta makyarkyata da sandarewar da waɗancan magunguna ke jawowa, kuma likita kan rage ta ko ya janye ta idan bukatar ta wuce. Amma idan lafiyayyen yaro ya watsa biyar ko goma a baki, sai ta ba shi wani shauƙi na ɗan lokaci, sannan ta bi shi da ruɗewa, da gane-gane, da bugun zuciya, da bushewar baki. Tana kuma hana gumi fita, wanda a zafin bazarar Daura haɗari ne babba. Ga maganin da aka yi don taimakon mai taɓin hankali ya koma yana ƙera sababbin masu taɓin hankali.

Rukuni na biyu magungunan ciwon damuwa ne, irin su amitiriftilin da fuluwoksetin. Matsalarsu a wurinmu rashin haƙuri. Mun saba da maganin zazzaɓi da ke aiki cikin kwana uku, su kuwa sai sun yi mako biyu zuwa shida kafin a ga canji, don haka da yawa kan watsar da su a mako na farko su ce ba sa aiki. Ba sa sa maye, ba sa kuma sa mutum ya riƙa ƙwaɗayinsu, amma ba a yanke su rana ɗaya. Rukuni na uku masu daidaita yanayin wanda ke hawa sama ya yi ta surutu da rabon dukiya, sannan ya faɗo ƙasa ya kasa tashi daga shimfiɗa. A cikinsu akwai litiyam, wanda wani likitan Ostareliya, John Cade, ya gano amfaninsa a 1949, kuma yana bukatar gwajin jini a kai a kai da kiyaye shan ruwa. Akwai kuma balfurowet, wanda ke iya nakasa ɗan tayi, saboda haka dole mace mai shekarun haihuwa ta yi shawara da likita a kansa. Rukuni na huɗu su ne masu sa barci da kwantar da fargaba, diyazefam da Rohypnol, wanda yaran unguwa ke kira roci. Su ne suka fi saurin kama jiki, shi ya sa likita ba ya ba da su sai na 'yan kwanaki.

To, shi kuma shaye-shayen kansa, yana da magani? Nan ne 'yan damfara suka fi samun kasuwa. Za ka ji ana tallar garin da ke raba yaro da ƙwaya cikin kwana bakwai, ko a ce a kai shi a yi masa ƙarin ruwa a wanke masa jini. Jinin ba shi ne matsalar ba, domin ƙwayar kan fita daga jiki da kanta cikin 'yan kwanaki. Ƙwaƙwalwa ce ta saba, kuma raba ta da abin da ta saba kamar yaye ne. Kowace uwa ta san cewa yaye yana da lokaci da dabara da rarrashi. Wanda ya daɗe a kan tiramadol ko kodin, idan aka yanke masa rana ɗaya, zai sha ciwon gaɓoɓi, da gumi, da gudawa, da rashin barci, da wata fargaba da ba ta misaltuwa, musamman a makon farko. A asibiti ana rage masa ne sannu a hankali, ana kuma ba shi abin da zai sassauta waɗannan wahalhalu. Wanda ya daɗe a kan diyazefam ko roci kuwa, yankewar farat ɗaya na iya jefa shi cikin jijjigar da ke kisa. Mari yankewar farat ɗaya ne, ba likita, ba magani.

Akwai wani haɗarin da iyaye ba su sani ba. Yaron da aka tsare wata shida jikinsa ya manta da ƙwaya. Ranar da ya fito, idan ya koma ya sha adadin da ya saba sha a da, numfashinsa na iya tsayawa. Akwai allurar da ake kira nalokzon, mai farfaɗo da numfashin wanda irin waɗannan ƙwayoyi suka danne, kuma ya kamata a ce babu asibitin da zai rasa ta, daga Baure har Sandamu.

Ga waɗanda abin ya yi wa mugun kamu, duniya ta daɗe da samun magunguna biyu, metadon da bufurenofin. Likitoci biyu na birnin Niyok, Vincent Dole da Marie Nyswander, su suka nuna amfanin metadon a tsakiyar shekarun 1960, kuma a 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa magungunan biyu cikin jerin waɗanda bai kamata wata ƙasa ta rasa ba. Tanzaniya ta buɗe asibitin ba da metadon a Darussalam tun 2011. Na san abin da wani zai ce: ai wannan musanya ƙwaya ne da ƙwaya. Tambayar tana kan hanya, domin dangi ɗaya suke da tiramadol. Bambancin shi ne ana auna su, ana sha sau ɗaya a rana a gaban ma'aikaci, suna kashe ƙwaɗayi ba tare da sun bugar ba, har mutum ya iya zuwa gona ko shago, kuma bincike a ƙasashe da dama ya tabbatar suna rage mace-mace. Mun koma kan maganar Yaya ke nan, ta hannu da hannu. Wiwi da sholisho kuwa babu ƙwayar da ke raba mutum da su. Nasu maganin zama ne da mai ba da shawara, da sana'a, da sauya abokai, da dangin da ba su gaji ba.

Yanzu a auna wannan da abin da ke ƙasa. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Nijeriya ta sha faɗin cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, kuma mafi yawansu suna manyan birane. Asibitocin ƙwaƙwalwa da Arewa maso Yamma ke tinƙaho da su suna Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Dawanau a Kano. Mutumin Zango da ke son ganin ƙwararre sai ya yi sammako ya nufi Katsina ko Kano, shi da majinyaci da mai riƙe majinyaci, kuɗin mota uku zuwa da dawowa, kafin a zo kan kuɗin magani. A wata na uku aljihu ya gaza, a daina zuwa, ciwo ya dawo, sai a ce maganin asibiti ba ya warkarwa. A daidai wannan lokaci, yaro ɗan shekara goma sha biyar zai fita da canjin cefane ya dawo da Exol a aljihu, babu wanda ya tambaye shi takardar likita.

Wasu abokaina 'yan boko suna ganin mafita ita ce a kawar da malamai da masu maganin gargajiya daga wannan fage baki ɗaya. Ban yarda ba, kuma tarihi yana gefena. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abekuta, inda ya saukar da majinyata a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu, suna zuwa asibiti da rana, ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Tsarin ya yi suna a duniya, shi kansa Lambo ya kai matsayin mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A 2020 Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi a Ibadan da Kumasi, inda ma'aikatan ƙananan asibitoci suka riƙa kai magani wuraren masu addu'a da masu maganin gargajiya, kuma majinyatan da aka yi wa wannan haɗin gwiwa sun fi samun sauƙi. Amma akwai darasi na biyu daga Gana. Wani gwaji da aka wallafa a 2018 ya kai magani wani sansanin addu'a, alamomin ciwo suka ragu, amma kwanakin da majinyata suka yi a ɗaure ba su ragu ba. Ashe magani shi kaɗai ba ya kwance sarƙa. Sai an haɗa da doka, da sa ido, da sauya tunanin mai riƙe da makulli.

Dokar kuwa muna da ita. A watan Janairu na 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958 da muka gada daga Turawan mulki. Ta amince da haƙƙin majinyaci na a kula da shi cikin mutunci, ta kuma tanadi sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya da asusun tallafa wa wannan fanni. Hannun ɗan Daura ne ya rattaba ta, kuma a Daura aka ga ɗaya daga cikin munanan misalan abin da ta zo gyarawa. Ina ganin babu inda ya fi cancanta a fara ganin amfaninta kamar nan.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinmu ba. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin horar da ma'aikatan jinya da jami'an lafiya na karkara su gane manyan cututtukan ƙwaƙwalwa, su fara magani, su tura abin da ya fi ƙarfinsu gaba. Gwamnatin Jihar Katsina na iya horar da mutum biyu a babban asibitin kowace ƙaramar hukuma biyar ta masarautar, ta ware rana ɗaya a mako, ƙwararren likita ya riƙa zagayowa sau ɗaya a wata, a kuma sa waɗannan magunguna masu araha cikin waɗanda ba a bari su yanke. Fadar Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Faruk Umar Faruk, na da hanyar da babu ma'aikatar da ke da irinta, daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa, kuma mai unguwa ya san gidan da ake jin ƙarar sarƙa da dare. Limamanmu, waɗanda suka karantar da mu cewa neman magani ba ya warware tawakkali, su faɗa a kan mumbari cewa wannan ya haɗa da ciwon ƙwaƙwalwa. A yi ruƙiyya, a sha rubutu, a kuma sha magani a kan lokaci, babu wanda ya hana wani. Masu kemis su ji tsoron Allah, su san cewa duk katin Exol ko diyazefam da suka miƙa ba takarda, ɗan wani suka tura hanyar mari. Ku kuma ɗalibaina, musamman masu karatun jinya da haɗa magunguna, ku riƙe bayanin minti biyun nan da daraja, domin wani lokaci ya fi ƙwayar kanta amfani.

Kafin in baro gidan, na tambayi Yaya yadda take yi da masu biyo shi roƙo. Ta ce, "Ai makullin adaka a ɗankwalina yake. Kullum da safe ni nake ba shi, ina ƙirgawa, ranar allura kuma ƙanenka ke raka shi." Shi kuwa yaron, da ya rako ni bakin mota, sai ya ce, "Kawu, don Allah idan za ka rubuta, ka ce ba a warkewa rana ɗaya. Na koma sau biyu kafin in tsaya." Na ce masa zan faɗa, ga shi kuma na cika alkawari.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya shirya mana zuriya, Ya ba iyaye haƙuri da juriya. Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, mu koma kan batun kuɗin makaranta.